Yadda ake bin salsalar dangin Amish da Mennonite a littattafan zuri'a

Toh duk mai son bin diddigin wani gida na Amish ko Mennonite (ɗarikun Kirista ne da suka yi ƙaura daga Turai) a Amurka, dan Allah kar ya fara da intanet, ya fara da abin da ke hannun dangi tukunna. Mutanen nan sukan rubuta haihuwa da aure da rasuwa a shafukan Littafi Mai Tsarki na gida, yawanci da Jamusanci, kuma tunda Amish basa yarda da ɗaukar hoto, rubutun nan yana da daraja sosai. Kwafe sunan kaka da na matarsa da shekarun haihuwa, sai ka riƙa komawa baya ɗaya bayan ɗaya, banda tsallake.

Inda ake yawan ɓata shine wajen suna. A tsakanin al'ummarsu suke aure, sunayen dangi kaɗan ne suke ta maimaituwa, Yoder, Miller, Stoltzfus, King, Fisher, gashi jika yakan ɗauki sunan kaka, don haka neman Jacob Yoder da suna kawai kamar ka shiga Kano ne kace kana cigiyar Malam Musa. Abin da zai raba maka gardama shine sunan gidan su matar, da shekara, da yankin da suka zauna, ko Lancaster a Pennsylvania ko Holmes a Ohio. In ɗaya bai dace ba, ba mutuminka bane, komai kamar sunan. Ka kula kuma rubutun suna ya canza, Zug ya koma Zook, Joder ya koma Yoder, Hochstetler ya zama Hostetler, duk ka duba.

In ka kai wajen 1850 sai ka ɗauko littafin zuri'ar Amish na Hugh Gingerich da Rachel Kreider na 1986, gaskiya aikin nan ya cancanci yabo, kowane dangi an bashi haruffa kuma kowane ɗa ana ƙara masa lamba a kan ta ubansa, kaga lambar kaɗai zata kaika ga kakan farko. Zuri'ar Jacob Hochstetler kuwa, ɗaya daga cikin Amish na farko da suka zo Amurka, suna da nasu littafin tun 1912.

Daga nan sai takardun fasinjojin jiragen ruwa na Philadelphia da aka fara ajiyewa a 1727, irin na jirgin Charming Nancy da ya kawo iyalan Amish a 1737. Amma in Mennonite ɗin da suka taso daga Rasha wajen 1874 zuwa Kansas da Manitoba ta Kanada kake nema, littattafansu daban ne, gara ka tuntuɓi laburaren tarihin Mennonite da ke kwalejin Goshen a Indiana.