In kai mawaƙi ne a tsohuwar Rum, ga yadda ake samun ubangida

To da farko dai cire ranka daga kuɗin littafi. A Rum babu wani haƙƙin mallaka, da zarar waƙarka ta fita masu shago za su sa a kwafa da hannu su sayar, riba tasu, kai sai suna. Ko dai kana da gadon gona, ko ka nemi mai gida kamar yadda makaɗan fada suke yi a wajenmu.

Kar ka tashi ka je ƙofar attajiri da kanka, nemi wanda zai kai ka. Dubi mawaƙi Horas, babansa 'yantaccen bawa ne, shi kuma ya yi yaƙi a ɓangaren Burutus a Filibi shekara ta 42 kafin haihuwar Annabi Isa, aka ci su da yaƙi, gonar gidansu ta tafi, ya koma aikin akawu a baitulmali. Mawaƙa Barjil da Bariyus ne suka kai shi gaban Mekenas, na hannun daman Oktabiyan wanda daga baya ya zama sarki Agustus, Horas ya ɗan yi magana cikin kunya aka sallame shi, shiru kake ji sai bayan wata 9 aka aiko ya zo. Wata tara fa! In kai ne da tuni ka ce an wulaƙanta ka.

In ka shiga, abun da za ka sa a gaba shi ne ƙasa, ba kuɗin cefane ba. Mekenas ya ba Horas gona a tsaunukan Sabin, daga nan ya huta. Shi ko Martiyal da ya zo daga Sifen bayan kusan shekara 100 bai samu irin Mekenas ba, kullum da asuba sai ya saka toga, mayafin Rumawa, ya bi gidajen manya gaisuwa don a miƙo mai 'yan canji, kwabbai 100, waƙoƙinsa cike suke da mitar wannan wahala, ƙarshe ma da zai koma gida marubuci Filini ƙarami ne ya ba shi kuɗin hanya.

Sai ka koyi cewa a'a ba tare da ka ɓata wa kowa ba, nan ne gwanintar take. In ana so ka yi dogon baiti kan yaƙe-yaƙen sarki, yi yadda mawaƙi Furofatiyus ya yi: ka ce ai ƙarfinka bai kai ba, kai waƙar soyayya ka iya, amma cikin ba da uzurin nan ka lissafo nasarorin sarkin tsaf. Ya ƙi kuma ya yaba. Horas ma Agustus ya nemi ya zama sakatarensa ya ƙi, ba a taɓa shi ba, amma da aka ce ya rubuta waƙar babban bikin shekara ta 17 kafin haihuwar Annabi Isa ai bai yi gardama ba.

Sannan ka sa sunan mai gida a buɗin littafi, Barjil ya yi wa Mekenas haka a waƙarsa ta noma.

Ka kuma san inda inuwar ubangida ta tsaya. Mawaƙi Obid ya taso a kusa da Mesala, babban mutum, ya yi suna sosai, amma a shekara ta 8 miladiyya Agustus ya kore shi zuwa Tomis a bakin Baƙin Teku, cikin Romaniya ta yau, shi da kansa ya ce waƙa ce da wani kuskure suka jawo. Ya yi ta aika wasiƙun roƙo ga manyan Rum ba wanda ya iya dawo da shi, can ya mutu.