Kafin ka ɗora wa tab laifi: kurakuran da aka fi yi wajen saye da amfani da ita

Tambayoyin mai sayen tab a shagunan waya na Gombe ba sa wuce uku: RAM nawa ce, ma'adanarta giga nawa, batirin yana jimawa? Duk a kan ƙarfen na'urar suke. Amma da yawa daga cikin tab ɗin da ake dawowa da su wajen masu gyara ana cewa "ba ta yi mini abin da na saye ta dominsa" lafiyarsu ƙalau. Fuska garau, batir yana riƙe caji, furosesa tana gudu. Abin da ya tsaya shi ne manhaja: ko dai babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar ta tsufa, ko an kulle ta, ko manhajar da mutum yake buƙata ba a taɓa yin ta don tab ba, ko an yi ta amma an rage mata fiye da rabin aikinta.

Manyan kamfanonin ma haka abin yake a wajensu. A 2021 Apple ya sa wa iPad Pro furosesar M1, irin wadda ke cikin MacBook Air sak. Duk da haka sai a 2023 manhajar tace bidiyo ta Final Cut Pro ta iso iPad, kuma sai a 2025, da iPadOS 26, aka ba mutum cikakkiyar damar buɗe tagogi da yawa ya ja su yadda yake so kamar a kwamfuta. WhatsApp ma bai fito da manhajar iPad ba sai a 2025, shekara 15 bayan fitowar iPad ta farko. A ɓangaren Android, sai a 2022 Google ya fitar da Android 12L domin manyan fuskoki. Doki ne mai ƙarfi da aka ɗaure a turke, mai saye kuma yana ta duba ƙafafunsa bai duba igiyar ba.

Tsohuwar iPad mai kyan jiki

Wannan ne kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane. iPad ta hannu da aka shigo da ita daga waje takan zo ba ko ƙwarzane, kuɗinta kuma da sauƙi, sai mutum ya ɗauka ya yi tsintuwa. Kowace iPad tana da iyakar da sabuntawarta ke tsayawa. iPad 2 da iPad mini ta farko sun tsaya a iOS 9. iPad 4 ta tsaya a iOS 10. iPad Air ta farko da mini 2 da mini 3 sun tsaya a iOS 12. Air 2 da mini 4 sun tsaya a iPadOS 15. Da zarar masu manhaja sun ɗaga mafi ƙarancin lambar iOS ɗin da suke karɓa, shi ke nan, App Store zai ce na'urarka ba ta dace ba, kuma babu mai gyaran da zai iya ɗaga ta, ko nawa za ka ba shi. Burauzar ciki ma tsufa take yi tare da babbar manhajar, shi ya sa shafin biyan kuɗin makaranta zai buɗe rabi ya tsaya, maɓallin da za ka danna ya ƙi fitowa.

Gyaran a shago ake yin sa, kafin kuɗi su fita daga aljihu. Shiga Settings, sai General, sai About, ka karanta sunan samfurin da lambar manhajar. Daga nan ka rubuta manhajoji uku ko huɗu da ba za ka iya aiki babu su ba, ka buɗe shafin kowace a App Store, can ƙasa akwai wajen da aka rubuta lambar da take buƙata. In ta fi ta na'urar, ajiye ta ka ƙara gaba.

Sai batun kulle, kuma iri uku ne. Akwai kullen iCloud, inda asusun mai ita na farko yake nan ɗaure da na'urar. Akwai kullen ma'aikata ko makaranta, domin tab da yawa na hannu daga makarantu da kamfanonin waje suka fito, kuma har yanzu sunansu na kan rajista. A Android kuma akwai kullen asusun Google da ke tasowa bayan an goge na'ura. Duk ukun ba lallai ne su nuna kansu ba muddin tab ɗin tana kunne a hannun mai shago. Hanyar ganewa mafi tabbaci ita ce: ka nemi a goge ta gaba ɗaya a gabanka, ta Erase All Content and Settings in iPad ce, ka haɗa ta da intanet ɗin wayarka, ka bi matakan kunnawa har ka isa fuskar farko. In ta nemi asusun wani, ko ta nuna Remote Management, a kulle take. Mai shagon da ya ce "an riga an buɗe ta, kada dai ka goge" ya gaya maka gaskiya a fakaice: tsallake kullen aka yi, ba cire shi ba, kuma ranar da na'urar ta sami matsala aka goge ta, kullen zai dawo.

Lambobin da ke kan kwali

Akwai tab marasa sanannen suna da ake rubuta wa RAM giga 16 da ma'adana tera ɗaya, amma kuɗinsu bai kai na ƙaramar waya ba. A nan manhajar ce aka koya wa ƙarya. An gyara shafin About ya nuna abin da mai saye yake son gani, har da lambar Android ɗin. Sauke DevCheck ko AIDA64 ka duba lambar da ake kira API, wadda ta fi wuyar ɓoyewa: Android 10 lambarta 29, Android 11 kuma 30, Android 13 tana da 33, Android 14 tana da 34. In kwali ya ce 13 amma API ta nuna 27, to Android 8.1 ce a hannunka. Wasu ma har waɗannan manhajoji suke ruɗawa, don haka ma'adana sai an gwada ta da aiki: tura mata manyan bidiyo masu yawa, sannan ka buɗe na farkon da ka tura. In ya ƙi buɗewa, gurbin da aka rubuta babu shi.

Haka kuma ka buɗe Play Store, ka shiga saitinsa, ka duba About. Akwai layin da ke cewa ko Google ya tantance na'urar. Wadda ba a tantance ba, wasu manhajojin banki ba sa yarda su zauna a kanta. Tab ɗin Amazon Fire ba sa zuwa da Play Store ko kaɗan, haka sababbin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019. Ƙarfensu mai kyau ne, Huawei ma ƙwarai kuwa, amma wanda aikinsa ya dogara da Google Classroom ko Gmail zai sha wahala, kuma dabarun cusa su ta bayan fage sukan lalace da an sabunta wani abu.

A ajin tab masu araha ne kawai za a ce ƙarfe yana da laifi da gaske. RAM giga 2 ba ta ɗaukar Chrome da WhatsApp da Word a lokaci guda. Da ka fita daga ɗaya ka dawo sai ka tarar ta rufe. Don aikin yau da kullum kada a yi ƙasa da giga 4 na gaskiya, da ma'adana giga 64. Abin da ake rubutawa "4+4" RAM huɗu ce, sauran huɗun aro ne daga ma'adana, kuma ba ta da saurin ta asali.

Tab a madadin laftof

Iyaye da yawa sukan saya wa ɗalibin Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere tab da kibod, a kan cewa ta fi sauƙin ɗauka kuma tana jure rashin wuta. Wajen karanta takardun malamai da littattafai, da gaske ta fi laftof daɗi. Matsala sai a aji na ƙarshe, lokacin rubuta furojet. SPSS, wadda ake ƙididdigar bincike da ita, ba ta da manhajar Android ko iPad. Excel na tab ba ya tafiyar da makro, wato jerin umarnin da ke yin aiki da kansa. Word na tab yana rubutu lafiya, amma tsara lambobin shafi yadda sashe yake so, na Romawa a shafukan farko sannan na gama-gari daga babi na ɗaya, ciwon kai ne. Ga kuma wata ƙa'idar Microsoft da mutane ba su sani ba sai sun ci karo da ita: in fuskar na'ura ta wuce inci 10.1, gyara takarda a manhajar Office yana buƙatar biyan kuɗin Microsoft 365. Wato babbar fuskar da aka ƙara kuɗi aka saya ita ce ta jawo kullen.

Mafita ita ce a raba aikin. A yi rubutun a tab, da Google Docs ko Word, ba tare da ɓata lokaci a kan ado ba. In an gama, a kai laftof ko shagon buga takardu a yi tsarin shafuka sau ɗaya, a mayar da shi PDF kafin a buga, domin fayil ɗin Word yakan sauya fasali daga na'ura zuwa na'ura idan salon haruffan bai zo ɗaya ba. Shafin makaranta da ya ƙi nuna wani sashe, a danna ɗigo ukun Chrome a zaɓi Desktop site. Wanda kuwa karatunsa injiniya ne ko ƙididdiga, laftof ta hannu ta fi masa tab sabuwa, ko kuma tab mai Windows irin Surface Pro, wadda ke ɗaukar cikakkun manhajojin kwamfuta duk da siffarta ta tab ce.

Mai shirin JAMB kuma kada ya saba da taɓa fuska kaɗai. A cibiyar jarrabawa kibod ne da maus: A zuwa D don amsa, N don gaba, P don baya. Kibod mai waya da ɗan abin haɗi na OTG sun isa a yi atisaye yadda ya kamata.

Ramin layi ba ya nufin waya

iPad mai ramin layi data kawai take ja. Ba ta kira, ba ta danna lambobin banki masu tauraro, ba a kuma dogara da ita wajen karɓar saƙon lambar sirri da banki ke turowa. Wanda ya cire layin bankinsa ya sa a ciki ya toshe wa kansa hanya. Tab ɗin Android kuwa wasu suna kira, wasu data ce zalla. Sa layinka a shago, ka danna *310#, ka kira wani. Minti ɗaya ya isa.

Ƙungiyoyi da ofisoshin da ke aika ma'aikata tattara bayanai a Dukku, Nafaɗa, Balanga ko Kaltungo su ma suna da nasu kurakuran, kuma sun fi tsada domin ba a gano su sai an isa ƙauye. ODK Collect da KoboCollect, waɗanda ake cike fom ɗin bayanai da su, manhajojin Android ne. Wanda ya sayo iPad sai dai ya cike fom ta burauza. iPad marar ramin layi ba ta da GPS a cikinta, da Wi-Fi na kusa take ƙiyasta wuri, abin da babu shi a daji. A Android, tsarin tattalin batir yakan kashe manhaja in ta koma baya, sai ɗaukar wuri ya katse. A shiga saitin manhajar, wajen batir, a cire mata takura. A bar kwanan wata da agogo su saita kansu daga netwok, in ba haka ba fom zai fito da ranar da ba a yi aikin ba. A kashe sabuntawa ta kai-tsaye har a gama zagayen. Abu mafi muni shi ne ma'aikaci ya ga manhaja tana nauyi ya danna Clear data, ko ya cire ta ya sake saukewa: duk fom ɗin da ba a tura ba ya tafi. Ƙa'idar ita ce a tura kullum da yamma, da zarar an sami sabis.

Filashi da ya ƙi karɓar babban bidiyo yawanci tsarinsa FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai giga 4. Wanda aka tsara da NTFS kuma iPad karantawa kawai take yi, ba ta rubutu a kai. A kwashe abin ciki a mayar da shi exFAT, ya yi aiki a ko'ina. Firinta mai wayar USB kaɗai, irin ta yawancin shaguna, iPad ba ta san ta ba, sai mai AirPrint, wato tsarin Apple na buga takarda ba tare da waya ba. Ba kowane ramin USB-C ne kuma ke fitar da hoto zuwa majigi ba. Na masu araha caji da tura fayil kawai yake yi, don haka malami ya gwada kafin ranar gabatar da darasi. Haruffan ƙ, ɗ da ɓ suna nan a Gboard in an ƙara Hausa a jerin harsuna, amma kibod na waje tsarinsa daban ne, sai an saita shi shi ma.

In tab ta fara nauyi, mutane sukan ruga su sauke manhajojin "share datti" da "ƙara RAM". Su kansu RAM suke ci, ga talla ba iyaka, kuma manhajojin da suke kashewa tashi suke yi nan take su ƙara cin batir. A cire su. A duba ma'adana, a bar aƙalla giga 5 zuwa 8 a sake. Yawanci bidiyon guruf-guruf na WhatsApp ne suka cika ta, sai a kashe saukewa ta kai-tsaye. Kada a yi saurin kai ta a yi mata filashin, wato a sake sa mata babbar manhaja, domin in aka sa manhajar da ba ta samfurin ba, fuska takan daina jin taɓi ko kyamara ta mutu.

A watan Maris da Afrilu kuma a lura da zafi. Apple ya ce iPad a yi amfani da ita tsakanin digiri 0 zuwa 35, zafin Gombe a bazara kuwa yakan wuce haka. Na'urar da kanta take rage gudu, ta dusashe fuska, wani lokaci ta dakatar da caji. A cire mata riga mai kauri lokacin caji, kada a bar ta a mota ko a kan katifa, kada kuma a haɗa caji da kallon bidiyo da tsakar rana. In fuskar ta fara ɗagowa daga gefe, batir ne ya kumbura: a kashe ta, a daina caji, a kai a canza shi, kada a danna fuskar da hannu don ta koma.