Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Auna Lantarkin Tsoka da EMG

Kuskuren da ya fi damuna wajen ɗaliban fisiyo da masu nazarin wasanni shi ne ɗaukar girman siginar EMG, wato na'urar auna lantarkin tsoka, a matsayin ƙarfi. Na'urar nan ba ta san ƙarfi ba. Abin da take ɗauka shi ne lantarkin da ke bin zaruruwan tsoka idan jijiya ta ba su umarni.

Ka ba mutum nauyin kilo 5 ya riƙe, gwiwar hannu a lanƙwashe, kada ya motsa. Nauyin yana nan yadda yake, amma can za ka ga siginar ƙwanjinsa tana ta hauhawa, hannun ya fara makyarkyata. Zaruruwan farko ne suka gaji, ƙwaƙwalwa ke kiran wasu su kawo ɗauki. Wanda bai sani ba sai ya rubuta wai ƙarfi ya ƙaru, alhali mutumin na dab da sakin kayan. Gyaransa shi ne ka auna ƙarfi da na'urarsa daban a lokaci guda. Gajiya kuwa, neme ta a saurin kaɗawar siginar: tsaka-tsakinsa sauka yake yi, domin gudun lantarki a zaren tsoka, kimanin mita 4 a daƙiƙa, yana raguwa. Tun 1912 Hans Piper na Jamus ya lura da wannan.

Sai kwatanta mutum da mutum kai tsaye. Kitsen ƙarƙashin fata yana dusashe sigina, har siriri ya fito kamar ya fi ƙaƙƙarfa mai jiki. Sa kowa ya fara matsa tsokar iya ƙarfinsa, sannan ka lissafa sauran awon kashi nawa ne cikin 100 na wannan.

Manna ilektirod, wato ɗan faifan da ake liƙa wa fata don ɗaukar sigina, shi ma ba a yin sa da ka. Ƙa'idojin SENIAM na Turai sun ce a bar milimita 20 tsakanin ilektirod biyun da ake mannawa a kan tsoka, a jera su yadda zaruruwan suka miƙe. In ka kauce, tsokar maƙwabta ce za ta shigo maka. Ka aske gashi, ka goge wurin da audugar sifirit ya bushe. A hunturu ka tambaya ko an shafa basilin, don kusan kowa ya shafa, kuma maiƙo na tare lantarki. Da bazara zufa ce ke ɓamɓare faifan a tsakiyar gwaji.

Wutar soket tana zuba hayaniyar 50 Hz (kaɗawa 50 a daƙiƙa) cikin sigina. Da yawa sukan tace ta a kwamfuta, amma mafi yawan siginar tsoka tana tsakanin 50 da 150 Hz, don haka har da naman ake yankewa. Cire caja, ka yi aiki da batir, ka nisanci janareta da wayoyinsa. Kuma kada yawan awon da na'urar ke ɗauka ya gaza sau 1000 a daƙiƙa, tunda siginar tana kaiwa kusan 500 Hz.