Yadda na daina ɓata hanya a kan keke

Ina shirin tseren keke mai nisa, irin wanda ba mai taimakonka a hanya, sai na gwada Maraɗi zuwa Damagaram. Bayan Agye rezo ya ɗauke, taswirar wayata ta koma fara fat, gajeriyar hanyar da na zaɓa kuma ta jefa ni cikin rairayi. Tura keken na yi, raina ya ɓaci ƙwarai.

Da na dawo gida na sauke taswirar Nijar gaba ɗaya a OsmAnd, wata manhajar taswira ta waya, na zana hanyar bisa kwalta kawai, na yanka ta gida biyu a Tasawa. GPS ba ya buƙatar rezo, don haka nake kashe layin, caji ya daɗe. Wuraren samun ruwa kuwa, a takarda na rubuta su na manna a kan keken.