Yadda na gyara gwajin BitSet a Java da ya ƙi nuna babu komai

Shirina yana riƙe ayyukan da suka rage a cikin BitSet mai suna ayyuka, wato jerin bit da kowanne ke kunne ko a kashe, kowane aiki da nasa bit da ake kashewa idan an gama shi. Sharaɗin tsayar da madauki (loop) shi ne ayyuka.size() == 0. An kashe duk bit ɗin, amma madaukin ya ci gaba da juyawa ba tsayawa.

Tushen matsalar yana cikin size(). Ba ya ƙirga bit da ke kunne, girman wurin da aka ware yake faɗa. BitSet yana ajiye bayanansa a jerin long (wani nau'in lamba a Java), kowanne na ɗauke da bit 64. Shi ya sa new BitSet() ke ba da 64 tun ba a sa komai ba, new BitSet(100) kuma 128. Kiran clear() yana mai da bit ɗin sifili ne kawai, wurin yana nan daram.

Na canza layin zuwa ayyuka.isEmpty(), wanda ke nan tun Java 1.4, madaukin ya tsaya. A ciki lamba ɗaya tak isEmpty() yake dubawa, wato adadin long da ake amfani da su, don haka ba ya cin lokaci.

length() == 0 ma daidai ne. cardinality() == 0 zai yi aiki, sai dai yana bin kowane long da ake amfani da shi yana ƙirge, wahala ce ba dalili idan jerin yana da girma.

Masu C++ su kula: std::bitset ba shi da empty(), none() ake kira.