Yadda ake shuka na'ana'ar shayi a gida, tunda shi ganyen shayin ba ya fitowa a Maradi

A fadarmu wani ke cewa wai zai shuka ganyen shayi a garkarshi ta bakin Gulbi, na ce mishi malam kar ka wahalar da kanka. Itacen shayi yana son ruwan sama da ya wuce milimita 1,200 a shekara, da sanyi-sanyi da raɓa, da ƙasa mai ɗan tsami, mu ko nan Maradi wajen 500 muke samu, shi ma daga Yuni zuwa Satumba, sannan bazara ta zo da zafin da ke haura 40. Shi ya sa a Afirka galibi kan tuddai irin Mambila a jihar Taraba ko Kericho ta Kenya ake nomanshi, koren da muke dafawa kuma daga Sin yake zuwa. Abin da ke fitowa nan shi ne na'ana'a.

Da farko ka sayo ɗanyarta a kasuwa, ka zaɓi rassa masu ƙwari tsawon yatsa biyu a jere, ka tsige ganyen ƙasa ka tsoma su cikin kofin ruwa a inuwa. Kana canza ruwan, kamar mako guda za ka ga fararen saiwoyi.

Sai ka yanke tsohon bido gida biyu ka huda gindin, kar ka manta da hudar nan, ni na farko da na yi ruɓewa ta yi don ruwa ya kwanta. Ka haɗa rairayi kashi biyu da takin awaki kashi ɗaya, tsohon taki wanda ya huce, sabo ƙone ta zai yi.

Ka dasa da marece ka ajiye inda ranar safe kaɗai ke bugawa, gindin dogon yaro ko jikin katanga. Lokacin da ya fi shi ne farkon sanyi wajen Nuwamba, kafin Afrilu ta riga ta kama ƙasa. Ban ruwa sau ɗaya da sanyi, da bazara safe da marece.

Bayan wata guda ka riƙa tsinkar kan, ba tumɓukewa ba, haka take yin rassa. Kuma ka ɗora bidon bisa wani abu mai tsawo, akuya ba ta san naka ba ne.