Kurakuran da ƙungiyoyinmu suka fi yi daga bugun gola zuwa bakin raga

Wata Lahadi cikin hunturu, a nan Gusau, na zauna kallon wasan wata ƙungiya da ba zan kama sunanta ba. Minti goma da take wasa aka samu bugun gola. Gola ya dasa ƙwallo, ya gangara ta ga lamba biyar, ɗan bayansa da ke tsaye kusa da shi cikin sha takwas. Yaron ya tarbe ta fuskarsa na kallon ragarsu, ƙasa kuwa ta bushe ƙamas, ƙwallon ta yi tsalle ta bugi ƙwaurinsa ta gudu. Kafin ya bi ta lamba taran baƙi ya riga shi, sai dai muka ga raga ta motsa. Wani dattijo da ke gefena, wanda tun zamanin da Zamfara United ke buga Firimiyar Najeriya ba ya fashin zuwa fili, ya cire hula ya ɗora a gwiwa ya ce, "Wanga yaro, mi ya hana shi tura ta gaba?"

Bayan an tashi na ji kocin yana kare kansa, wai haka ake wasa yanzu a Turai. Da gaskiyarsa, haka ake yi. Sai dai ya ɗauko salon daga gidan kallo ya baro dalilin a can, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Dalilin ga shi. Tun ranar 1 ga Yuni 2019 dokar bugun gola ta canza. A da sai ƙwallo ta fita daga sha takwas kafin kowa ya taɓa ta. Yanzu 'yan bayanka suna iya karɓa a ciki, abokan hamayya kuma dole su tsaya a waje har a buga. Manyan kociyoyi suka mai da wannan tarko. Golan abokan hamayya ba ya tsare kowa, naka kuwa yana wasa da ƙafa, to ku sha ɗaya ne su goma, ko yaya suka rarrabu akwai mutuminka guda da ba mai tsaronsa. Duk gajeren fasin ɗin nan na baya nemansa ake yi. Lokacin da Roberto De Zerbi ke riƙe da Brighton, daga 2022 zuwa 2024, za ka ga ɗan baya ya taka ƙwallo da tafin takalmi ya tsaya cik kamar mai jiran mota a tasha. Tsaba ce yake watsa wa kaji. Da ɗan gaban hamayya ya gaji da haƙuri ya taso, ya bar wani a bayansa, can ƙwallon za ta nufa.

Mu kuwa sai mu yi fasin ɗin ba tare da an duba wa ya taso wa ya tsaya ba. Gyaran farko a wuyan gola yake: ya ƙirga kawuna kafin ya buga. In mutum ɗaya ko biyu ne suka zo bakin sha takwas, a fito da ita a ƙasa. In biyar ko shida ne suka yi dafifi, to bayansu ya zama fayau, a ɗaga musu ita ta wuce kansu. Babu satar gida a bugun gola, kamar yadda babu a jifa da kwana, amma 'yan gabanmu nawa ne ke cin moriyar wannan? A watan Agustan 2018 Ederson, golan Manchester City a lokacin, ya ɗauki bugun gola ya jefa wa Sergio Agüero ita kai tsaye ya ci Huddersfield, a wasan da Manchester City ta ci 6-1. Ƙungiyar Guardiola ce fa, uban ba-ni-in-ba-ka.

Kada dattijon nan ya ɗauka na ba shi gaskiya duka. Tura ta gaba ma yana da nasa kuskuren, kuma shi ya fi daɗewa a filayenmu. A narka ƙwallo sama a kan lamba tara gajere, tsakanin zaratan 'yan baya biyu, babu ɗan uwansa ko ɗaya kusa da shi. Ko ya sa kai ya taɓa, wa zai ɗauka? Doguwar ƙwallo ba wanda ya fara taɓa ta ke cin ribarta ba, wanda ya tsinci faɗuwarta ne. Tun a tirenin a tsayar da gefen da za a riƙa jefa ta da mutumin da za a nufa, mutum biyu su matso ƙarƙashinsa, ɗaya ya fyalla bayansa, 'yan baya kuma su taho gaba tare don kada tsakiyar fili ta yi rami. Sannan a yi la'akari da yanayi. Da rani ƙasa kamar siminti take, da damina akwai wurin da ƙwallo ke maƙalewa a taɓo, iskar hunturu kuma kan dawo wa gola da bugunsa. Kyaftin da ya ci zaɓen gefe ya kamata ya san inda iska ta dosa kafin ya nuna hannu.

Wurin da na fi jin takaici shi ne lamba shida, ɗan tsakiyar da ke tsayawa gaban 'yan baya. Shi ne ƙofar da wasa ke bi daga baya zuwa gaba, kuma a yawancin ƙungiyoyinmu ƙofar a rufe take. Ka lura da shi in ɗan baya yana riƙe da ƙwallo: yana tsaye daidai bayan ɗan gaban hamayya, ya shige inuwarsa, yana ɗaga hannu yana "kawo, kawo!" Ta ina za a kawo? Taku uku zuwa dama ko hagu ya isa ya buɗe hanya, amma ba zai motsa ba. In kuma an ba shi, sai ya karɓa ƙeyarsa na kallon inda ake son zuwa, bai san wa ke bayansa ba, dole ya mayar wa wanda ya ba shi. Rawar 'yan mata ke nan, a yi gaba a dawo baya.

Abu biyu ke gyara wannan, kuma ba sa buƙatar ko sisi. Na ɗaya waiwaye. Kafin ƙwallo ta baro ƙafar mai ba ka ka waiga, tana kan hanya ka sake waigawa. Duk wanda ya kalli Sergio Busquets ko Xavi a Barcelona ta 2008 zuwa 2012, in ya ɗauke ido daga ƙwallo ya bi su da kallo, zai ga wuyansu ba ya hutawa. Na biyu tsayuwa a kaikaice, kafaɗa ɗaya na kallon mai ba ka, ɗayar na kallon gaba, ka tarbi ƙwallo da ƙafar da ta fi nisa da mai fasin, taɓawar farko ta riga ta juya ka. Akwai atisayen da na ga yana aiki: a wasan zagaye da ake sa mutum biyu a tsakiya, koci ya tsaya bayan mai karɓa yana ɗaga yatsu, yaro ya faɗi yatsu nawa ne kafin ƙwallo ta iso shi. Wanda ya kasa faɗa ya shiga tsakiya. Ranar farko dariya ce da gardama, bayan 'yan makonni sai ka ga kai na juyawa da kansa.

In abokan hamayya sun sa 'yan gaba biyu a kan 'yan bayanka biyu, lamba shida ya sauko tsakaninsu su zama uku, su kuma su buɗe zuwa gefunan sha takwas, lamba biyu da lamba uku, wato 'yan bayan gefe, su haura sama. Ana danganta wannan dabara da Ricardo La Volpe, wanda ya kai Meziko gasar cin kofin duniya ta 2006. Amma in ɗan gaba ɗaya suka bari, saukowarsa asara ce, mutum uku na gadin mutum ɗaya alhali tsakiya babu kowa. Shi ma ɗan bayan da ba a taso masa ba ya daina neman wanda zai jefa wa ita kamar garwashi. Ya ja ta ya shiga fili har sai wani ya bar mutuminsa ya tare shi.

Sai cutar da muka taso da ita tun ƙwallon layi: kowa ƙwallo yake bi. Faɗin cikakken fili mita 68 ne, tsawonsa 105, amma sai ka ga mutum ashirin sun cure a wurin da bai fi tsakar gida ba. Lamba bakwai in ya yi minti uku bai taɓa ba sai ya baro layinsa ya shigo tsakiya neman rabonsa, ya jawo mai tsaronsa ya ƙara toshe wa lamba goma wuri. Da ya yi haƙuri ya tsaya takalminsa na taɓa farar ƙasar layi, da ya ja ɗan bayan gefe waje, rata ta buɗe tsakaninsa da ɗan bayan tsakiya, kuma ta wannan ratar manyan ƙungiyoyi suka fi shiga. Wahalar ita ce 'yan kallo ba sa tafa wa wanda ya tsaya, mai yanka suke yi wa ihu. Aikin koci ne ya yabi yaron a gaban 'yan uwansa, in ba haka ba ba zai sake tsayawa ba.

Haka lamba tara. In kowa ƙafa yake so a ba shi, 'yan bayan hamayya hutu suke yi. Duk lokacin da ɗaya ya sauko karɓa, wani ya ruga bayansu, ko da ba za a ba shi ba.

Riƙe ƙwallo kuma ba shi ne ci ba. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Qatar, Sifaniya ta yi fasin sama da dubu a wasanta da Maroko, harinta ɗaya ne kacal ya nufi raga sosai, aka tashi babu ci, Maroko ta fitar da ita 3-0 a bugun fenariti. In zaratan Sifaniya sun shiga wannan rami, ina ga yaranmu? Koci ya daina tambayar fasin nawa aka yi, ya tambayi nawa ne suka tsallake layin abokan hamayya suka samu mutum yana kallon gaba.

A bakin raga kuskuren da ya fi yawa kuros ne na ganin dama. Ɗan gefe ya iso, ko ɗaga kai bai yi ba, ya lafta ta sama, gola ya fito ya cafe abinsa. A watan Fabrairun 2014 Manchester United ta David Moyes ta yi kuros 81 a wasa ɗaya da Fulham, aka tashi 2-2. 'Yan bayan da ke fuskantar ƙwallo suna ganin tahowarta ba abin da suke so kamar haka. Wanda ke tayar musu da hankali shi ne a kai har kusa da layin ƙarshe a mayar da ita baya a ƙasa wajen ɗigon fenariti, lokacin da su duka gudu suke zuwa ragarsu. City ta 2017/18, wadda ta haɗa maki 100 da ƙwallaye 106, ta ci da yawa ta wannan hanya, Leroy Sané da Raheem Sterling na gefuna. Ga mu da busasshen fili, ƙwallon ƙasa mai ƙarfi a gaban raga ta fi wahalar da gola. Amma sai an raba wurare tun a tirenin: ɗaya turken kusa, ɗaya turken nesa, ɗaya ɗigon fenariti, ɗaya bakin sha takwas yana jiran wadda za ta dawo. Mu kuwa mutum uku ne ke faɗawa turke ɗaya suna karo da juna. Batun mai dirka ƙwallo daga yadi talatin da biyar alhali ga ɗan uwansa shi kaɗai a gefe, wannan ba dabara ke gyara shi ba, benci ne.

Akwai kuskuren da ake ɗora wa 'yan baya alhali na masu kai hari ne. Ƙungiya na gida, 'yan kallo na ingiza ta, lamba biyu da lamba uku duka sun haura, lamba shida ma ya bi sahu. Ƙwallo ɗaya ta kuɓuce, sai ka ga 'yan baya biyu cirko-cirko da mutum uku a guje. Mu 'yan Najeriya da kanmu mun ci wannan ribar a gasar cin kofin duniya, ranar 22 ga Yuni 2018 a Volgograd: 'yan Iceland sun tattaru a gidanmu, ƙwallo ta fito, Victor Moses ya ja ta ta dama ya kawo, Ahmed Musa ya tare ya ɗirka a minti na 49. Ta biyunsa a minti na 75 doguwar ƙwallo ce daga Kenneth Omeruo zuwa fili a gefen hagu, sauran aikin gudu ne da natsuwa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: in ɗan bayan gefe ɗaya ya tafi, ɗayan ya tsaya ya matso ciki, kuma waɗanda suka rage baya su fi 'yan gaban da aka bari yawa da mutum ɗaya, suna manne da su tun ƙwallo na ƙafarku. Wanda ya fi kusa da inda aka rasa ta ya afka nan take, ba ya tsaya ɗaga wa alƙalin wasa hannu ba.

Duk waɗannan ba sa shiga kan yaro ta hanyar lacca a ɗakin sa kaya. A yawancin tirenin ɗin da na leƙa, ana gwada fitowa daga baya ne babu mai matsa wa kowa, ko kuma 'yan benci na tasowa a sanyaye don kada su kunyata manya. A ware minti ashirin sau biyu a mako, 'yan benci su matsa da gaske, duk ƙwallon da suka ƙwace suka ci a lissafa musu biyu. A yi shi da ƙarfe huɗu na yamma a kan irin ƙasar da za a buga wasan, ba da sanyin safiya ba. A sa yaro ɗaya ya hau can saman wurin zaman 'yan kallo da waya ya ɗauki fili gaba ɗaya, kada ya bi ƙwallo da kyamara. Da dare a zauna a kalla, duk inda aka rasa ƙwallo a tsayar da hoton, a tambayi wanda ya yi fasin ɗin ya nuna da yatsa wane ne ba a tsare ba.